Dogo da Keken Kuruza: Yadda Za Ka Saya, Ka Gyara, Ka Hau Gwiwa Ba Ta Daki Haɓa Ba

Allah ya yi wa dogo baiwa iri-iri. Shi ake kira idan ƙwan lantarki ya mutu, shi ke tsinko mangwaron da ya gagari sanda, ko a sahun baya yake yana hango liman. Sai dai masu ƙera kaya ba su san da zamansa ba. Gado ya yi masa kaɗan, ƙofar zaure ta saba da goshinsa, kujerar motar haya kuwa ba a magana. To yanzu ga shi zuciya ta raya masa keken kuruza, keken nan na shan iska mai ƙatuwar taya da faffaɗan sirdi da lanƙwasasshen kai, wanda ake hakimcewa a kansa ana tafe ana amsa gaisuwa. Malam Dogo, kafin ka ƙirga kuɗi, nemi kujerar da ta ishe ka ka zauna, ga shawara.

Na farko: ka sani ba don kai aka yi shi ba

Kuruza ɗan Amurka ne. A 1933 kamfanin Schwinn na birnin Shikago ya fito da keke mai kumburarriyar taya, inci 26 da faɗin inci 2.125, da firam mai nauyi da aka yi wa siffar babur. Yara maza aka nufa da shi, irin masu rarraba jarida gida-gida da sassafe. Daga baya, wajen shekarun 1970, samarin bakin teku a Kalifoniya suka tono tsofaffin suka mai da su keken yawo, har abin ya zama yayi.

Abin lura a tarihin nan shi ne kalmar "yara". Har gobe yawancin kuruza girma ɗaya ake yin su, firam inci 18 ko 19, a ce wai ya dace da kowa. Wannan "kowa" ɗin bai haɗa da mutumin da ya haura santimita 190 ba. Idan irinka ya hau shi yadda ya fito daga kwali, gwiwoyi za su riƙa wuce kan keken suna komowa, sai ka ce fara ta sauka a kan tsinke. Yaran unguwa za su samu abin kallo kyauta, likitan ƙashi kuma ya samu sabon mai kawo masa kuɗi.

Na biyu: auna ƙafa, ka bar zancen tsawo

Dogaye iri biyu ne. Akwai wanda tsawonsa a ƙafa yake, akwai wanda tsawonsa a gangar jiki yake, kuma keke ɗaya ba ya yi musu. Saboda haka "ai ni dogo ne" ba awo ba ne.

Cire takalmi, ka jingina da bango, ka sa littafi mai ƙarfin bango tsakanin cinyoyinka ka tura shi sama yadda sirdi zai tokare ka. Uwargida ta auna daga ƙasa zuwa saman littafin. Za ta yi dariya. Ƙyale ta, ranar da ta ce ka ɗauko mata kwalla daga saman sif za ka rama.

Mu ce awon ya ba da santimita 95. Masu keke suna da lissafin da ake jingina wa Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci gasar zagaya Faransa sau uku, a 1986 da 1989 da 1990: ka ninka awon da 0.883. Naka ya ba da kusan santimita 84, wato nisan da ya kamata ya kasance daga tsakiyar gindin feda zuwa saman sirdi. Lissafin 'yan tsere ne, kai kuwa shan iska za ka, don haka kana iya rage kaɗan. Wanda lissafi ke sa wa ciwon kai, ga hanya mai sauƙi: hau sirdi, ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa. In ƙafar ta miƙe sambal ba ka karkata ƙugu ba, an dace.

Yanzu ka ɗauki 84 ɗin nan ka cire tsawon firam mai inci 18, wato santimita 46 ko kusa da haka, ka cire kaurin sirdi. Abin da ya rage, wajen santimita 30, shi ne tsawon ƙarfen sirdin da zai tsaya tsirara a waje yana ɗauke da kai da tuwon daren jiya. Riƙe wannan lambar, za mu dawo kanta.

Na uku: yadda ake tsira daga bakin mai sayarwa

Ko shagon sababbi ka je ko wurin 'yan Beljiyam, magana ɗaya za ka ji: "Yallaɓai, ai wannan kamar don kai aka yi shi. A ɗan ɗaga sirdi kawai, shi ke nan." Haka ya gaya wa gajeren da ya fita kafin ka shigo, sai dai shi "a ɗan sauke" aka ce masa.

Kada ka kalli fenti. Ka tafi da tef ɗin tela a aljihu, ka auna firam a gabansa, ka ce sai ka ɗana. Abubuwa uku za ka nema.

Firam babba, inci 21 zuwa sama, kuma mai tsawo daga sirdi zuwa kai, don gwiwa ta samu filin wucewa.

Taya inci 29 idan ta samu. Taya ba ta ƙara wa firam girma, amma kamfanonin da suka tuna da dogaye yawanci a kan 29 suke gina manyan kuruzansu.

Ko kuma irin wanda aka tura fedarsa gaba. Kamfanin Electra, da aka kafa a Kalifoniya a 1993, ya yi suna da samfurin Townie mai wannan tsari: sirdi yana ƙasa kuma baya, feda tana gaba, ƙafa ta miƙe ba sai an kai sirdi sama ba, in ka tsaya kuma tafin ƙafa ya sauka ƙasa daram.

Wanda Allah ya hore wa, akwai DirtySixer mai taya inci 36, wanda aka ƙera musamman don zabga-zabgan mutane, har Shaquille O'Neal mai mita 2.16 ya samu nasa. Amma ka tuna ranar da ƙaya za ta huda shi a hanyar ƙauye. Mai faci zai zagaya tayar sau biyu, ya kira maƙwabtansa su zo su gani, sannan ya ce maka babu irin tib ɗin ko a birni.

Kada kuma ka raina tsohon Rale da ke jingine a zauren kaka. Waɗannan kekuna masu taya inci 28 ana yin su da firam inci 22 da kuma 24. Mai 24 ɗin ya fi kuruza da yawa sanin darajar dogo. Abin da ya rasa ƙatuwar taya ce kawai, wadda ke hana nutsewa a yashi.

Na huɗu: ƙarfen sirdi, inda ake yin hatsarin

A nan dogaye suka fi cutar kansu. A jikin kowane ƙarfen sirdi akwai zanen da ke nuna iyakar inda ake zaro shi. Ba ado ba ne. Dogo yana ganinsa sai ya ce ai Bature matsoraci ne, ya ƙara zaro yatsa uku. Mako biyu ƙarfen ya lanƙwashe, ko bakin firam ya tsage, kuma ba ya tashi yin haka sai a gaban majalisar surukai. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, dogo kuwa daga nesa yake tahowa.

Doka ita ce a bar wajen santimita 10 a cikin firam. Kai da ke buƙatar 30 a waje, ƙarfe mai milimita 400 za ka nema. Kafin ka saya, ka duba kaurin ramin, domin ba ɗaya ba ne: akwai 25.4, akwai 27.2, tsofaffin Schwinn ma nasu siriri ne, bai kai milimita 21 ba, ga saurin lanƙwasa a ƙarƙashin mai jiki. In mai gyara ya ce, "Oga, a naɗa masa gwangwanin madara ya kama," ka gode masa ka nemi wanda ya dace.

Akwai kuma ƙarfen da aka lanƙwasa baya don ƙara tazara tsakaninka da kan keken. Yana taimako, amma yana mai da nauyinka kan tayar baya, yana kuma ƙara wa bakin firam wahala. Idan sai ka haɗa dogon ƙarfe da lanƙwasasshe da addu'a kafin keken ya ishe ka, to keken ne ba naka ba.

Mai walda zai ce zai yanka firam ya ƙara masa tsawo. In ƙarfe ne, kuma gwani ne, abin yana yiwuwa. In alminiyam ne, ka ɗauke kekenka ka yi sallama.

Na biyar: kai, feda da birki

Sirdi ya hau sama, kai ya zauna a ƙasa, sai ka koma mai ruku'u. Maganinsa dogon wuya ko kai mai tashi. Shi ma wuyan yana da zanen iyaka, ka girmama shi. Za ka ga masu sa kai dogo zanƙal-zanƙal, hannu sama da kafaɗa, suna tafe ana zaton 'yan sanda ne suka ce su ɗaga hannu. Hoto yana kyau, amma hannu yana sagewa, juyi kuma yana wuya. Tsaya a ƙasa da kafaɗa. In ka ɗaga kan keken, ka tuna wayar birki ma sai an sa mai tsawo.

Hannun feda na yau da kullum milimita 170 ne ko 175. Lennard Zinn, wani dogon maƙerin keke a jihar Kolorado, yana ganin ya kamata ya kai kashi 21.6 cikin ɗari na tsawon ƙafa, wato naka milimita 205 ke nan. Kafin ka yi tsalle, ka sani kuruza ƙasa-ƙasa yake. Doguwar feda tana dukan ƙasa a kwana, ta kuma gaisa da duk wani tudun da aka gina a titi. 175 ya wadatar. Abin da ka fi buƙata faffaɗar feda ce, saboda ƙafa mai lamba 46 ba ta zama a kan ta yara. A nan ma akwai tarko: hannun feda na tsohon yayi, wanda yake guda ɗaya a lanƙwashe, zarensa rabin inci ne, na zamani kuwa 9/16 na inci. Ka tafi kasuwa da tsohuwar fedar a hannu.

Birkin kuruza na asali a feda yake, ana taka ta baya. Yana da sauƙi, yana da aibi biyu. In sarƙa ta zame, birki ya tafi da ita. In gangare ya yi tsawo, yana zafi. A 1976 wasu samari a yankin Marin na Kalifoniya, cikinsu har da Joe Breeze da Gary Fisher da Charlie Kelly, suka fara tseren gangaro dutse a kan tsofaffin kuruza. Giris ɗin birki yakan ƙone har hayaƙi ya tashi, sai an sake cika shi bayan kowace saukowa, shi ya sa aka raɗa wa tseren suna Repack, wato sake cikawa. Daga nan keken hawan dutse ya samo asali. Su sun shiga tarihi, kai kuwa kwata za ka shiga. Sa birkin hannu a tayar gaba.

In garinku da tudu, nemi mai giya uku a cikin cibiyar taya, irin Shimano Nexus ko Sturmey-Archer. Ƙura ba ta shiga, gwiwa kuma za ta sa maka albarka. Ƙafafun keken su zama masu sifok 36, a ɗaure su tamau.

Na shida: sai ado

Yanzu ka yi abin da ranka ke so. Ƙararrawa, madubi biyu, kwando, fitila, tayar nan mai farin gefe, geza a hannu. Ka rubuta "Sai Haƙuri" a madigadi in ka ga dama. Abu ɗaya ne kada ka cire don gayu: murfin sarƙa. Sarƙa da ƙafar wando da gefen babbar riga tsofaffin abokan gaba ne. Hular kwano kuma ba ta rage girma, ga rassan dalbejiya da kai kaɗai kake kaiwa.

Na bakwai: ribar da ba a faɗa

Keken dogo ba ya aruwa. Maƙwabci zai zo da "Maigida, a ɗan taimaka min da keke in je cefane." Ka ce, "Bismilla, ga shi nan." Zai dubi sirdin da ya kai masa ƙirji, ya tuna ashe kasuwar ba nisa. Don wannan ni'ima ta ɗore, kada ka yarda da maɗaurin sirdi mai buɗewa da hannu. Sa na noti, ka ɓoye sifana.

Don haka, Malam Dogo, tsarin ba ya canzawa: ƙafa a fara aunawa, firam ya biyo baya, sai ƙarfen sirdi, sai kai da birki, fenti ya zo ƙarshe. Araha ba ta ado, ƙaramin keke kuma ko kyauta aka ba ka gwiwarka ce za ta biya kuɗinsa. In ka je kasuwa ba ka samu wanda ya ishe ka ba, mai da kuɗinka aljihu ka taka sayyadarka zuwa gida. Da irin takunka, ai kafin mai keke ya gama buga iska ka isa.