Labarin da Dattijo Ya Bai wa Lauya

A wajen wani ɗaurin aure, an shafa fatiha ana jiran abinci, sai wani lauya ya ɗaga murya yana cewa tsarin mulkin ƙasa ne gaba da kowace doka, don haka hukuncin kotun ECOWAS shawara ce kawai, in an ga dama a ɗauka. Ya kawo sashe na 1 da na 12 da ka, bai yi tuntuɓe ba. Wani dattijo da ya tsufa yana fatauci tsakanin Illela da Ƙonni ya gyara zama ya ce, "Ɗana, ka taɓa jin labarin Hadijatu Mani?"

Ya ce a 1996 aka sayar da ita sefa jaka 240, tana 'yar shekara 12, ta zama wahayya a gidan wani mai hali. Ga aikin gona, ga aikin gida, ga duka, har ta haifa masa 'ya'ya ba sadaki ba shaidu. A 2003 Nijar ta sa bautar da mutum cikin manyan laifuka. Bayan shekara biyu maigidan ya rubuta mata takardar 'yanci, amma ya tsare ƙofa, wai ai matarsa ce. Kotun farko a Ƙonni ta ce babu aure. Ta sama da ita ta juya hukuncin da sunan al'ada. Da Hadijatu ta auri wanda ranta yake so, sai aka yanke mata hukuncin ɗaurin wata shida bisa laifin aure kan aure. Baiwar ce ta kwana a kaso, mai bautar da ita yana kwance a ɗakinsa.

Ƙungiyar Timidria ta tsaya mata har gaban kotun ECOWAS, alƙalan kuwa suka taso takanas suka zauna a Yamai. Lauyoyin gwamnati suka ce ba ta gama da kotunan gida ba, kotun ta ce ƙa'idarta ba ta gindaya wannan sharaɗi ba. Ranar 27 ga Oktoba 2008 ta yanke cewa Nijar ta gaza kare 'yarta, ta biya ta sefa miliyan 10.

"To ɗana," in ji dattijon, "baƙin alƙalan nan ba su zo da wata sabuwar doka a aljihu ba. Tsarin mulkin Nijar da kansa ya haramta bauta. Abin da ke rubuce a gidan suka tuna wa masu gidan. Gwamnatin Tandja ta karɓi hukuncin, ta biya, tutar ƙasar kuma ba ta sauko ba."

Lauyan ya ce ai kowace ƙasa da irin nata tsarin. Ni ma, mai ba da labarin nan, na yarda akwai abin da al'umma ba za ta miƙa wa kowa ba, kuma kare shi wajibi ne. Abin da ke ci mini rai shi ne ba a tuna darajar kundin tsarin mulki sai ranar da hukunci ya faɗa kan mai mulki.

Dattijon bai yi musu da shi ba. Ya ce akwai wani babban gida da ya sa hannu aka kafa kotun nan, shi ya ba ta masauki, har yau a harabarsa take zama. A Oktoban 2016 ta umarce shi ya saki wani ɗansa da yake tsare da shi, ya biya shi diyyar naira miliyan 15. Kafin nan alƙalan gidan da kansu sun ba da belin mutumin, ba sau ɗaya ba, kuma sashe na 35 na kundin gidan ya hana tsare mutum ba bisa doka ba.

Aka shigo da farantan shinkafa. Lauyan ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa, ko an sake shi.

"An sake shi," in ji dattijon, "a Disambar 2019."