Safaya Ta Riga Mu Isa Giwa

Duk wanda ya gaji Peugeot 504 ya gaji ƙara. Tawa ta mahaifina ce, haɗin Kaduna, daga masana'antar nan da ta fara aiki a 1975, kuma babu ƙarfen da ban san muryarsa ba a jikinta. A wannan mota safaya ba a cikin but take kwana ba. Kwandon ƙarfe aka yi mata a ƙarƙashi, ta waje, don kada taya mai laka ta ɓata wa mutum kaya. Dabara ce mai kyau. Sai dai asalin makullin kwandon namu ya daɗe da mutuwa, wani bakanike tun ina firamare ya maye gurbinsa da dogon ƙarfe mai zare da noti guda.

Ranar da abin ya faru, neman auren ƙanena za mu je Funtuwa. Baffa yana gaba cikin babbar riga, Kawu yana baya rungume da huhun goro. Dab da Giwa, a wata gangara, na taka birki saboda rami. Sai ji muka yi gwaram! Ƙarfe ya shiga jan kwalta. Kafin in tsaya, ga taya nan ta zo ta gefen Baffa, ta wuce mu a guje.

Baffa ya bi ta da kallo, ya girgiza kai, ya ce, "Assha, wani bawan Allah ya yi asarar taya. Allah ya mayar masa da alheri."

Na ce, "Amin, Baffa. Tamu ce."

A gonar masara muka tsinto ta, Kawu ya ɗaure kwandon da igiyar huhun goro. A tashar Funtuwa kuwa kowa ya zama injiniya. Mai shayi ya ce waya, wani direba ya ce robar tsohon tub, wani kuma ya rantse aikin maƙiya ne. Na bar motar wajen mai walda don ya miƙe ƙarfen da ya lanƙwashe, muka tafi sallar azahar. Da muka dawo, yaron shagon ya tarbe ni da fara'a: "Yallaɓai, na gama maka da matsalar nan har abada." Ashe ya narke notin da ƙarfen sun zama abu guda.

Gaskiya ya faɗa, kwando bai sake motsi ba. A hanyar komawa, bayan magariba, tayar gaba ta yi faci. Ga safaya muna kallonta, tana kallonmu, ba halin fito da ita. Haka na kwanta rigingine cikin shaddar zuwa neman aure, ina gurzar walda da guntun zarton da muka aro wajen wani mai faci, Kawu yana haska mini da waya, Baffa yana zaune a kan dutse yana lissafa mini motocin da sa'o'ina suke hawa.

Wani tsohon bakanike a Zariya, wanda ya tsufa a ƙarƙashin irin waɗannan motoci, shi ya warware mini zancen. Bai ko kalli notin ba. Yatsa ya sa ya danna safayar, ta lotsa. Ya ce, "Ɗana, noti ba ya kwancewa don mugunta. Matsi ne ke riƙe shi." Idan safaya ta sace, sai ta rage kauri, kwandon ya sami sarari. Daga nan duk gargadar da aka shiga taya za ta yi tsalle, ƙarfe ya girgiza, noti ya juya kaɗan kaɗan har ya bar zaren.

Ya ba ta iska. Ya yanko roba mai kauri ya shimfiɗa a inda taya ke haɗuwa da ƙasan but. Ya kawo sabon ƙarfe, ya goge zaren da burushin waya, ya sa washa, ya ɗaura noti biyu, ya riƙe na ciki da sifana ɗaya, ya matse na waje a kansa da ɗayar har suka ciji juna. Sannan ya huda bakin ƙarfen ya zura fil mai baki biyu ya lanƙwasa, ko da notin zai kwance, ba shi da hanyar fita. Ya ce in riƙa gwada iskarta duk ranar da na gwada ta sauran huɗun, kuma in ajiye sifana biyu da filaya a mota.

Da ranar ɗaurin aure ta zo, na je ɗaukar Baffa, na kwashe duk wannan bayani na faɗa masa, har na durƙusa ina nuna masa fil ɗin. Ya saurara da kyau, ya sa mini albarka, sannan ya ce in kai shi tasha.