Jirgin Buhun Taki a Tafkin Kalmalo

Mutumin Darna Sabon Gari ta Illela bai haɗa komai da teku ba. Daga Illela zuwa Legas ya fi kilomita 1,000, kuma babban ruwan da muka sani shi ne Tafkin Kalmalo, wanda wata shekarar yakan ja baya har a yi noman rani a cikinsa. Amma tun da taubashina ya dawo ci-rani daga Gabon, inda ya bi jirgin katako daga Oron zuwa Libreville, ba shi da zance sai na ruwa.

Wani dare ya miƙo mini waya. A ciki Turawa ne a tsibiran Kanari cikin Nuwamba, suna ɗaga manyan ƙyallaye a kan jiragen ruwa, iska ta tura su har Karibiyan cikin kamar mako 3, babu ɗigon mai.

"Kai bawana, ka san wace iska ce wannan? 'Yar'uwar hunturunmu ce, daga arewa maso gabas. Mu tana fasa mana leɓe muna shafa man kaɗe, su tana kai su Amurka."

Ya ce mu fara gwaji a Kalmalo, amma da cikakken shirin teku, don wasa da ruwa ba na maza ba ne.

Muka yi hayar kwalekwalen wani masunci, muka toshe kafofinsa da tsumma da kwalta. Tela ya haɗa mana buhunan taki ya ɗinke, yana ɗinki yana tambayar ko rumfar biki ce. Muka kafa gwangwala a tsakiya. Sai lissafin ruwan sha: wai kowane mutum lita 3 a rana, mu biyu, kwana 21, kamar jarka biyar ke nan masu cin lita 25. A Illela dai jarka ba ta wuya, wanda ya sani ya sani. Na ce masa ai a kan ruwan daɗi za mu yi tafiyar, ya ce ƙauyanci ne ke damuna. Ranar Lahadi muka shiga kasuwa muka jido kilishi, ƙuli-ƙuli, dabino da garin kwaki. Maimakon rigar ceto kowa ya ɗaura fankon galan a ƙirji. Anga kuwa, dutsen niƙan Inna muka ara tana gidan suna, muka ɗaura masa igiyar rijiya gaba goma sha biyu.

Masuncin ya dubi kayan, ya dube mu. "Samari, Makka za ku?" Ya ƙara da cewa jirgin da ba a yi wa nauyi a ƙasa ba, in iska ta buge shi daga gefe, kifewa yake yi. Taubashina ya ce ai shi baba bai taɓa ganin teku ba.

Muka yi bismilla muka shiga. Ƙyalle ya cika fam, gwangwala na ƙara, jirgi ko gezau. Ashe cikinsa ya zauna daram a laka. Masu ban-ruwa suka ajiye aiki, yara suka cika gaɓa. Muka sauke jarkoki, shiru. Taubashina ya diro ya ce in zo mu tura. Ruwan iyakarsa gwiwa, ga mu da galan a ƙirji.

Ina cire ƙafata ta biyu, jirgi ya ji sakayau. Iska ta ɗauke shi. Wallahi ban taɓa ganin tafiya mai kyau irin wannan ba, miƙe sambal, bai ko karkata ba, da kilishinmu da dutsen Inna a ciki. Taubashina na tsaye cikin laka yana ihu: "Ka gani ko? Na ce maka yana yi!"

Masuncin ya gano jirginsa washegari cikin ciyawa a wancan ƙetaren, babu komai sai buhunan taki, ya kuma caje mu kuɗin kwana biyu.

Jama'ar Kalmalo, kilishin mun yafe, ku ci halal. Amma don Allah wanda ya ɗauki dutsen niƙa ya dawo da shi, domin Inna ta rantse ba ni ba tuwonta sai ta gan shi.