Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Alhaji Batir, mai lamba 18650

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan jikinka da sanyi. Na rubuto ne in sanar da kai cewa an naɗa maka dogari, kuma ba a nemi shawararka ba.

Laifinka ɗaya ne, Alhaji: ba ka san ƙoshi ba. Tun 1991 da kamfanin Sony ya fara kai danginku na litiyam kasuwa, har 2019 da mutum uku suka ci kyautar Nobel a kanku, ba a taɓa jin ɗayanku ya ce "Alhamdu lillahi, a ɗauke kwano" ba. Cikinka bolt 4.2 yake ɗauka. Amma in caja bai daina zubawa ba, kai ma ba ka daina haɗiya, sai ka ɗau zafi, ka yi hayaƙi, ka kama da wuta, ka haɗa har da katifar mai gida. Ga shi wutar tamu ba ta zuwa sai tsakar dare, lokacin da mai cire soket ya yi nisa a minshari.

Sunan dogarin TL431, ɗan mitsitsi mai ƙafa uku, wanda bai san komai a duniya ba sai bolt 2.5. Resista biyu ke rage ƙarfinka su kai masa rahoto. Kana taɓa 4.2, shi ya ga 2.5 ɗinsa, ya zunguri taransista, rile ya yi ƙas, tuwo ya yanke.

Na san dabararka. Ana yankewa sai ka ɗan sauko, ka marairaice, rile ya ji tausayi ya koma, ka sake hawa, a kwana ana ƙas-ƙas har asuba. An toshe wannan da resista na uku. Ba a sake zuba maka sai ka sauka wajen 3.9.

Sai batun 'yan'uwanka biyu da aka ciro ku tare daga mataccen batirin kwamfuta. Ku uku a jere 12.6 ne, kuma a nan munafuncin yake: mita zai nuna 12.6 lafiya lau, alhali kai ka kai 4.4, su kuwa suna 4.1. Don haka kowa da dogarinsa, wanda ya riga cika a tsiyaye masa rarar ta resista har sauran su kamo shi.

Eh, ana sayar da irin dogaran nan a allo haɗaɗɗe, da araha ma. Ba ruwanka.

Azumi ma an yi masa iyaka: ƙasa da bolt 3 ba mai jan wuta daga jikinka. In zafinka ya haura digiri 45, ba caji. In kuma ka fara yoyo ko wari, ba lallashi, ranar za ka bar gidan.

Naka,
Mai ƙarfen soda