Mu da Kakin 'Yan Sanda

Jama'a, mu faɗa wa juna gaskiya: mu mutanen Maigatari da Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar halinmu ɗaya ne in an buɗe ɗaukar 'yan sanda. Shekara guda muna majalisa muna cewa aikin nan ba albarka, amma ranar da aka ce fom ya fito, shagon kwamfuta sai ya fi kasuwar Alhamis cika, kowa da ɗansa da ɗan ƙanwarsa a hannu.

Ƙa'idar dai sananniya ce: shekara 18 zuwa 25, kiredit biyar har da Turanci da lissafi, lambar NIN, takardar shaidar ɗan ƙaramar hukuma, tsawon mita 1.67 ga namiji, 1.64 ga mace. To, daga nan dabararmu take farawa. Mai 'ya'ya uku sai ya aske gemu ƙwal, ya garzaya kotu ya yi rantsuwa ya dawo ɗan shekara 24, har ƙaninsa ya girme shi a takarda. Ranar tantancewa a Dutse kuwa, gajere na ɗaga dunduniya, siriri na kumbura ƙirji yana riƙe numfashi don awo ya kai santimita 86, inna ta aiko da rubutu a gora, baba kuma tun asuba yana ƙofar gidan ɗan majalisa yana jiran 'yar takarda.

Mu ne masu tsine wa cin hanci a shingen kan hanya, mu ne kuma masu kai rago kara mu sayar, mu damƙa wa wani da ya ce yana da hanya a Abuja, alhali fom ɗin kyauta ne. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yaron da aka saya wa kaki, ina zai fanshe kuɗin ragon in ba a aljihunmu ba?

Kuma fa ba mu rasa abin alfahari ba, Jigawa ta fitar da Sufeto-Janar har biyu, Hafiz Ringim da Suleiman Abba. Guraben ma bisa ƙananan hukumomi ake raba su, namu kason na nan yana jiranmu. Don haka 'yan uwa, mu bar ragon a turke, mu tsaya kan yaranmu su ci jarrabawa da guminsu, mu tura masu gaskiya. Ɗan sandan da muka tura, shi za mu tarar gobe a ofis.