Masu Ɗora wa Shayi Kayan da Ya Fi Ƙarfinsa

Shayi mai kayan ƙamshi aikinsa kaɗan ne, amma yana yin sa tsakani da Allah. Mutum ya ci tuwo ya yi masa nauyi, ya jefa citta da kanumfari da ɗan na'ana'a a ruwan zafi, ya samu wuri ya zauna yana kurɓa a hankali: ciki zai saki, gyatsa ta zo, jiki ya yi sakayau. Masu bincike ma ba su musa wannan ba. Citta tana rage tashin zuciya, na'ana'a tana sassauta hanji har iskar da ta taru ta samu hanya, man da ke cikin kanumfari kuwa likitocin haƙori sun daɗe suna kashe zafi da shi. Iyakar abin ke nan, kuma ga wanda ya wuni a rana yana fama, ba ƙaramin alheri ba ne. Sai dai mutanenmu ba sa barin abin kirki ya tsaya a matsayinsa. Jaki in ya nuna haƙuri, ƙara masa mangala ake yi. Duk wani mashayin shayi da ya addabi jama'a, in aka bi diddigi, laifinsa guda ne: ya ɗora wa kofi ɗaya aikin asibiti sukutum.

Babbansu shi ne likitan majalisa. Ba ya zuwa sai bayan isha'i, da tsohon filas a hammata, murfinsa ya rine ya koma ruwan ƙasa, an naɗe wuyansa da leda saboda yoyo. Kafin ya gama cire takalmi ya riga ya ƙare wa fuskokin jama'a kallo, ya zaɓi majinyacinsa na daren. "Malam, tun yaushe idonka ya yi haka?" Kai da ka fito gida garau, sai ka ji gabanka ya faɗi. Bai taɓa duba mutum ya same shi lafiya ba. Mai hamma, sanyi ne. Mai ƙiba, maiƙo ne. Mai rama, basir ne na ciki wanda bai tsiro ba, shi ya sa mai shi bai sani ba. Wanda ya rantse lafiyarsa ƙalau kuwa shi ne abin tausayi, domin cutarsa ta yi nisan da ta daina ciwo. Abin sha'awa, duk waɗannan larurori maganinsu yana cikin filas ɗin nan guda. Zai tsiyaya maka a murfi, bai kai rabi ba, ya riƙe filas ɗin a ƙirji yana kallon maƙogwaronka har sai ya ga ka haɗiye. A ciki akwai citta da kimba da masoro da kanumfari da tafarnuwa da hulba, sai kuma wani sassaƙe da ba ya faɗin sunansa, wai wani dattijo ne ya ba shi da sharaɗi. Ka ƙware, hawaye ya zubo, sai ya juya ga jama'a da murmushin nasara: "Kun gani ko? Ya taras da ita." In ka yi gumi, cuta ce ke fita. In cikinka ya kwana yana ƙugi, datti ya taso. In ba ka ji komai ba, ya bi jini ne, aikinsa a ɓoye yake. In murar da dama mako guda take yi ta tafi bayan mako guda, filas ne ya kore ta. In ta ƙaru, to ka sha ruwan sanyi a bayansa, laifinka ne. Babu wani sakamako a duniya da zai kayar da wannan bawan Allah. Wanda ya zauna kusa da shi dai yakan lura da katin farasitamol da ke leƙowa daga aljihun gaban rigarsa, amma ba a tambaya, don in aka tambaya zai ce na maƙwabci ne.

Wani zai ce to ina ruwanka da shi? Kyauta yake bayarwa, niyyarsa kyakkyawa ce, kayan nan kuma da su iyaye da kakanni suka rayu. Duk gaskiya ne, kuma shi ya sa ba a iya fushi da shi. Majalisar da ya yi kwana biyu bai leƙa ba ma sai ta yi shiru kamar an yi rashi. Amma maganar kakanni tana buƙatar gyara. Tsofaffin matan da suka san kayan nan, masu daka yajin jego da dama kunun tsamiya, da ƙwaya suke ƙirga kanumfari, ba da tafin hannu ba. Sun san kimba in ta yi yawa ɗaci take yi, sun san masoro ba na mai gyambon ciki ba ne. Abin da aka gada daga wurinsu gwargwado ne, kuma shi ne ainihin abin da likitan majalisa ya bari a gida.

Ƙaninsa a wannan hanya shi ne mai tara-duka, wanda ya yi imani cewa in abu ɗaya yana da amfani, abu goma sha biyu sun fi shi sau goma sha biyu. In ya shiga kasuwar Kurmi ba ya fita sai ya taɓa kowane buhu. Tukunyarsa ba a ganin ruwanta, sai itatuwa suna iyo. A 2023, da cutar ruɓewa ta cinye gonakin citta a Kachia da Jaba da Kagarko, farashi ya yi tashin gwauron zabo, mutane suka rage hannu. Shi kuwa ya gwammace a rage kuɗin cefane. Kirfa yake zubawa cokali-cokali, bai san cewa yawancin wadda ke kasuwa ba ta Sirilanka ba ce, mai kaurin ɓawo ce irin ta ƙasar Sin, wadda in aka dimanci sha da yawa tana iya taɓa hanta. Ka gaya masa haka, ya ce ai shi ya sa yake ƙara zogale.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Akwai mai gudun sukari, wanda zai ɗaga hannu ya ce wa mai shayi kada ya kuskura ya sa masa ko ƙwaya, sannan ya tuttula zuma rabin kwalba da madarar gwangwani, ya tashi yana jin ya fi kowa kula da lafiya. Akwai Alhajin da ya dawo Umara da ƙullin kayan shayi, kanumfarin da watakila daga Zanzibar aka kai shi can, amma tunda ya ratsa ta Jidda ya fi na bakin kasuwa albarka, kuma ba a ba kowa sai babban baƙo. Akwai ɗan boko mai kamomil na kwali, wanda ke tsoma jakar sau uku ya duba agogo, ya ce yana sauke gajiyar ƙwaƙwalwa, alhali ɗaya hannun yana kan waya yana faɗa da mutanen da bai taɓa gani ba. Akwai mai ƙwannafi da ke shan na'ana'a mai kauri ya miƙe a tabarma nan take, bai san ganyen da ke sassauta hanji shi ne kuma ke sassauta bakin tumbi har ruwan tsami ya hauro ba. Da asuba sai ya ɗora laifin a kan miyar uwargida. Sai kuma wanda shi bai yarda da duk wannan tarkace ba, amma kofinsa kullum shi ne farkon miƙowa.

Sarkin ataya ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin shi kaɗai ne ya kusa gane gaskiya. A fadojin samari na Damagaram da Maraɗi da Yamai, da ma ƙofar gidaje a Kano da Katsina inda Buzaye masu gadi suka koya wa jama'a, za ka same shi durƙushe gaban ɗan murhun waya, yana fifita gawayi da guntun kwali, yana ɗaga buta sama yana zubawa a ɗan kofin gilashi, ya mayar, ya sake, har kumfa ta tsaya. Dahuwa uku ce, ta fari ɗaci, ta ƙarshe zaƙi, kuma ba a gaggauta shi. Ka ce kana sauri, ya dube ka duban wanda bai samu tarbiyya ba. Kuskurensa ɗaya: koren ganyen nan na Sin cike yake da sinadarin da ke hana barci, shi kuwa ƙarfe sha biyun dare yake ɗora na uku wai don jiki ya huta, sannan ya kwana yana juyi yana tsine wa sauro. Duk da haka ya san abin da sauran suka manta, cewa rabin natsuwar da ake nema a shayi tana cikin zaman ne, da jiran, da hirar. Sa'a biyu da mutum ya yi bai tashi ba, bai yi lissafin bashi ba, ai dole ciki ya kwanta.

Daga kan Hajiya mai shayin rage tumbi dariya take fara raguwa. Ta saya da tsada daga wata mai talla a waya, an nuna mata hoton kafin da bayan, ta sha kwana uku tana zarya bayan gida, ta hau sikeli ta ga ta ragu ta yi guɗa. Da yawa daga irin wannan haɗin ganyen filasko ne a ciki, maganin wankin ciki da kowace tsohuwa ta sani, an canza masa kwali. Ruwan jiki ne ya tafi, ba kitse ba, kuma da ta sha ruwa ta ci abinci zai dawo. In ta daɗe a kai, hanjin ya saba, ya daina aiki sai an tsokane shi. Ita ba ta cuci kowa ba sai kanta, kuma ba don wauta ba: habaicin dangin miji da na ƙawaye ne ya kora ta.

Wanda ba a yi masa dariya ko kaɗan shi ne mai lasifika a kan mota ranar kasuwa, da ɗan'uwansa mai bidiyo a waya. Wannan ya san abin da yake yi. Yana jero cututtuka ashirin a numfashi ɗaya, da kalaman da ba a faɗa gaban yara, sannan ya kama hannun dattijo mai hawan jini ya ce, "Baba, ajiye ƙwayoyin Bature, su ke kashe maka ƙoda, ga shayi." Akwai ɗan ƙamshin gaskiya a bakinsa, shi ne ma abin haushin: zoɓo kan ɗan sauke jini, an gwada an gani. Amma ɗan sauƙin nan ba ya maye gurbin ƙwayar da likita ya auna, kuma hawan jini ba ya sallama kafin ya kayar da mutum. Baba zai ajiye magani, ya yi wata biyu yana jin daɗi, wata safiya a tarar ɓarin jiki ya shanye, mai lasifika kuwa yana wata kasuwar. Haka yake yi wa mai gyambon ciki. Tun farkon shekarun 1980 likitoci biyu a Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka nuna cewa ƙwayar cuta ce ke haddasa yawancin gyambon ciki, aka ba su kyautar Nobel a 2005; magani na mako ɗaya zuwa biyu yakan kashe ta. Mai lasifika kuwa zai sa talaka ya shekara yana zuba wa miki citta da masoro. In aka ce masa ina shaida, ya nuna lambar NAFDAC, bai karanta wa jama'a ƙaramin rubutun da ke jikin irin waɗannan kwalaye ba, mai cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba.

Masu kare shi suna da hujja biyu, kuma ba na banza ba ne. Ta farko, asibiti tsada, layi tsawo, talaka ina zai sa kansa? Haka ne, amma wannan ƙara masa laifi yake yi: kuɗin da ba su isa ganin likita ba su yake karɓewa, ya bar mutum ba kuɗin ba lafiyar. Ta biyu, ai maganin Baturen ma daga itace yake. Wannan ma haka ne. Maganin zazzaɓin cizon sauro da aka fi dogara da shi yau daga wani ganye dangin tazargade aka ciro shi, kuma Tu Youyou ta ƙasar Sin ta samu Nobel a 2015 saboda shi. Sai dai ba tafasa ganyen ta yi ta zuba a gora ba. An ware sinadarin, an auna, an gwada a kan majinyata, an san adadin da ke warkarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ba ta amince a sha ganyen a matsayin shayi don maganin zazzaɓin ba, domin abin da ke fita a ruwan ba shi da tabbataccen awo, yana iya raunana cutar bai kashe ta ba, ta dawo ta fi ƙarfin magani. Tsakanin itace da magani akwai aikin shekaru, kuma mai lasifika bai yi ko na yini ɗaya ba.

Saura mutum ɗaya a ƙarshen benci, wanda ya fi likitan majalisa gundurar jama'a, don shi likita aƙalla yana zuwa da abin sha. Wannan da hujja kawai yake zuwa. Ba a isa a kurɓi komai a gabansa ba sai ya faɗi ƙasar da aka nomo shi, da shekarar da aka ba wani Bature kyauta, da abin da zai yi wa hanta. Yana gyara wa mai shayi yawan kirfa, yana lissafa wa Alhaji sukarin da ke cikin zuma, wani lokaci har abin ya kai shi ga rubuta dogon sharhi a mujalla kan laifofin mashaya. Ran da ya ci ɗanwake da yawa cikinsa ya kumbura, sai ya jira jama'a su fara watsewa, ya matsa kusa da mai filas, ya rage murya ya ce, "Malam, ɗan tsiyayo min rabin murfi, don ɗanɗano kawai."