Bayani a Kan Hukuncin Mataccen Firji da Danginsa a Garin Illela

Masana harkar shara sun daɗe suna kai ruwa rana a kan kayan gidan da suka fi ƙarfin kwandon shara, irin su firji da katifa da kujerar kushin. A Ingila galibi sai mutum ya biya hukumar garinsu kuɗi, an sa masa rana, kafin a zo a raba shi da katifar da ya gaji da ita. Wannan matsala ba ta iso Illela ba tukuna, domin a nan kaya ba ya mutuwa, sauya masa wurin aiki ake yi.

Mu fara da firji, tunda shi ne babba. Galibi ya taɓa mutuwa sau ɗaya a Turai, aka tashe shi, ya biyo jirgin ruwa ya sauka Kwatano ko Legas, saboda haka mutuwa ba baƙuwarsa ba ce. Ranar da injinsa ya ƙone sai ya zama kabad: gero a ƙasa, takardun makarantar yara a sama, ɓera kuwa sai hange. Wasu masu bincike na ganin ai tun yana da rai aikinsa ke nan, idan aka duba halin wutar lantarki. Idan ƙofa ta ɓalle, sai a kwantar da shi rigingine a zuba wa raguna dusa. A garin da kasuwar dabbobinsa ta ranar Lahadi ke tara fatake daga Najeriya da Nijar, wannan ƙarin girma ne.

Sai bayan tsatsa ta huda gindinsa ɗan gwangwan ke samun izinin shigowa da kurarsa da sikeli. Ya zare jan ƙarfe, ya ware alminiyom wa masu zubin tukwane, ragowar a loda wa tirela ta bi ta Gwadabawa da Sakkwato zuwa kamfanonin narka ƙarfe na kudu. Game da sikelin nasa kuwa, har yau ba a samu matar aure ɗaya da ta gaskata shi ba.

Taya ba ta buƙatar dogon sharhi: takalmi, guga, igiyar ɗaure kaya a babur.

A kan katifa ne aka yi saɓani. Ɓangaren uwargida na cewa a yanka soson, babba ya zama matashi, ƙanana su tafi wanke-wanke. Ɓangaren maigida hujjarsa ɗaya ce: "Bar ta nan, tana da rana." Sai a ɗora ta bisa kwano a danne da dutse, rani da damina su yi ta karɓa-karɓa a kanta har maganar ta wuce.

Abin da ya gagari fannin gaba ɗaya, abin mamaki, ba shi da nauyi ko kaɗan. An rufe iyakar Najeriya da Nijar a watan Agustan 2019 sai Disamban 2020 aka buɗe, an sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris 2024. A duk tsawon wannan lokaci leda ba ta fasa zirga-zirga tsakanin Ƙonni ta Nijar da Illela ba, ba takarda ba haraji. Ɗan gwangwan ba ya sayenta, akuya ce kaɗai ke karɓa, ita ma a bakin ranta.

Saura kujerar kushin ta kayan ɗaki. Ƙafarta ta karye an tokare da bulo, wayar ciki tana yagar rigar baƙo, amma mahaifin amarya ya sayar da sa kafin ya saye ta, kuma surukai suna zuwa duk sallah. Fitar da ita sai an yi zaman dangi. Shi ya sa masu taka-tsantsan ke shimfiɗa mata zane, su matsar da ita zaure, su riƙa nuna wa baƙo tabarma.